Tambaya: An ce in yi wa masallacin garinmu zayyana, zuciyata ta rabu biyu

Ɗan Alaramma:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, shawara nake nema kan wani abu da ya hana ni sukuni tun bayan ƙaramar salla.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Da damina noma, da rani rubutun allo da zayyana. Gado na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, alaramma ne, kuma duk yaron da zai yi sauka a ƙauyukan da ke kewaye da mu wurinsa ake kawo allo. Ya rasu a 2016, ya bar mini kurtu huɗu, da damin alƙaluman gamba, da wani tsohon kwabo mai huji da yake fitar da da'ira da shi.

Bana jama'ar gari suka yi karo-karo, aka rushe tsohon masallacinmu na ƙasa aka tayar da na bulo. An yi rufi, saura filasta. Mai gari da liman suka kira ni suka ce tunda hannuna ya faɗa, in yi wa masallacin ado irin na allo, ciki da waje, har bangon gabas. Na ce to, in sha Allahu. Kwana biyu tsakani wasu samari suka same ni a bakin rijiya, yaran kirki ne masu neman ilimi, suka ce Malam kada ka soma, ƙawata masallaci ba sunna ba ne, zayyanar allon ma al'ada ce kawai. Cikin ladabi suka faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Abin da ya sa ta zauna shi ne ni ban taɓa ɗaukar zayyana a matsayin kwalliya ba. Bari in gaya muku yadda na tashi na ga ana yin ta. Baba ba ya taɓa alƙalami sai da alwala. Bayan asuba zai shimfiɗa buzu a zaure, ya fuskanci gabas, ya ɗora warƙa a gwiwa. Baƙi yake fara rubutawa da yambari, tawadar da yake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Sai ta bushe ya dawo da jar tawada ya sa wasulla, ya ɗiga wa hamza ruwan ɗorawa. Daga nan alamun aya, ɗigo uku a haɗe. Kowace aya biyar humusa, kowace goma kuri. A gefen warƙa kuma sumuni, rubu'i, nusufi, izu, da wuraren sujada 11 da muke yi a mazhabar Malikiyya. Izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, kun ga tashoshi 480 ke nan, kuma kowace sai ya tsaya ya yi mata alamarta. In ya zo kan izu sai ya ɗauko kwabon nan ya zagaya shi da alƙalami, ya raba da'irar huɗu, ya sake rabawa takwas, ya cika gida-gida da ja da ɗorawa, yana barin wani gidan fari. Ban taɓa ganin izu biyu da ya yi wa ciki iri ɗaya ba. Duk tsawon wannan lokaci bakinsa na motsi, tilawar izun da zai shiga yake yi.

Alƙur'aninmu na hannu ba ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a tadarishi, wato bangon fata, cikin gafaka. Gardi in ya buɗe yana neman inda ya tsaya, waɗannan alamu su ke kai idonsa. Wato aiki suke yi, ba zaman banza ba.

Ni ma yanzu in na zauna yi wa yaro allon sauka, na manna takarda, na rubuta Fatiha da farkon Baƙara, na shiga zagaye su da dagi da murabba'ai, wata irin natsuwa ke sauko mini wadda, wallahi, ba kullum nake samun irinta a nafila ba. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

To tambayata biyu ce. Natsuwar nan kusanci ne ga Allah, ko daɗin sana'a ne kawai na naɗa masa rawani? Aikin masallacin kuma, in yi ko in ba su haƙuri?

Ɗalibin Fiƙihu:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alaramma, ya sa Alƙur'ani ya cece shi. Malam, ni ɗalibi ne, ba fatawa nake ba ka ba, abin da muka karanta zan faɗa.

Ina ganin samarin sun haɗa abu biyu a kwando ɗaya. Son kyau shi kansa babu wanda ya hana. Wani mutum ya gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, shin girman kai ne? Ya amsa masa da cewa Allah kyakkyawa ne, yana son kyau. Muslim ya ruwaito. Zanen da aka yi kashedi a kansa shi ne surar mai rai. Da wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas yana kukan da ita yake ci, ce masa ya yi in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Dagi da da'ira da murabba'i ba su da rai. Launin da Alaramma yake sa wa wasali kuwa tsohon abu ne ƙwarai: Abul Aswad Adduali, wanda ya rayu tare da sahabbai, da ɗigo mai launi daban da na baƙi ya fara nuna wasulla, kafin Halilu ɗan Ahmad ya zo da alamun da muka sani yau. Don haka wanda ya ce launi a mushafi ba shi da asali, ya koma ya duba.

Bangon gabas kuwa, nan samarin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daga wata mazhaba ta nesa ba, daga tamu. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, cikin makaruhan salla, an ambaci ƙawata alƙibla. Dalili a fili yake. Nana A'isha ta ba da labarin Annabi ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya sallame ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo masa marar zane, don ya ɗauke masa hankali a sallarsa. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. In zane ya ja idon Manzon Allah, ina ga ni da kai? Sayyidina Umar ma da zai faɗaɗa masallacin Madina cewa ya yi da magini ya kare mutane daga ruwan sama, ya kiyayi ja da ɗorawa kada ya fitini jama'a. Ka lura, launuka biyun da ke cikin kurtunka ne ya ambata.

Ni kaina na taɓa bin sallar la'asar a wani masallaci a birni da aka lulluɓe gabansa da tayil mai furanni. Sai da liman ya yi kabbarar ruku'u na farga ashe ƙirga furannin nake. Na fita ina jin kunyar Ubangijina.

Game da natsuwarka, kada ka kira zayyana ibada kamar yadda ake kiran salla ibada, domin ita salla an ƙayyade siffarta. Amma aikin halal da aka yi da kyakkyawar niyya ana ba da lada a kansa, kuma hadisi ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai. Abin da zan ce ka riƙa dubawa shi ne inda natsuwar take kai ka. In ka tashi daga kan allo ka ji kana marmarin tilawa, alhamdu lillahi. In ka tashi kana jiran a ce wane ya iya, ka yi istigfari ka gyara niyya.

Mai Shago:

Malam, ka yi haƙuri, ni dai ina bayan samarin. Masallacin ƙauye da ko randar alwala mai kyau wataƙila bai samu ba, me zai yi da ado? Kuɗin fenti a sayi tabarmi da butoci. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, wasu masu zayyanar hannun da suke zana allon sauka da shi suke zana hatimi su naɗe a laya su sayar wa mata. Ba kai nake nufi ba, ban san ka ba. Amma shi ya sa wasunmu in mun ga murabba'i a jikin masallaci gabanmu ke faɗuwa.

Jikan Magini:

Salamu alaikum. Na karanta wa kakana wannan zance jiya da daddare. Magini ne, daga ƙasar Rano, ya haura shekara tamanin, idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Ya ce in rubuta maka abin da zai faɗa, kada in rage kada in ƙara.

Ya ce: Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini da ubangidana. A zamaninmu ba a cewa ga gini ga ado, abu ɗaya ne. Azarar giginya in ta wuce taku shida ko bakwai ba abin da ya tokare ta, lanƙwashewa take yi. To mai son soro mai faɗi yaya zai yi? Dole ya ɗaura baka. Ka kafa azara a jikin bango ta ɗan leƙo, ka ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, ka bi da ƙasa, ka bari ta sha iska, gobe ka ƙara, har na gabas da na yamma su gamu a sama. Shi ne bakan gizo. In ka gitta wani a kansa ka rufa, ka sami ɗaurin guga. Duk wanda ya shiga ya ɗaga kai sai ya ce tubarkalla, alhali kai ba don a ce tubarkalla ka yi ba, don kada rufi ya faɗo wa mutane ne. Kyan daga ɗaukar nauyin ya fito. Da na ji ka ce alamun ubanka aiki suke yi, sai na ce wannan yaron ya san abin.

Ya ce: Ka taɓa zuwa masallacin Juma'a na Zariya? Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (na duba, wajen shekarun 1830 ne). Daga baya an yi sabon gini an rufe shi a ciki, amma lokacin da na je tsohon yana nan. Ni na je sau biyu takanas. Akwai zane a jikin ginshiƙai da bakuna, amma da ƙasar ginin aka fitar da shi, tudu da kwari, sai haske ya bugo ta gefe yake bayyana. Ba ya kiran ido. Kana shiga muryarka ke raguwa da kanta, ba wanda ya ce ka yi shiru. Mutumin da ya yi wannan ya san bambancin gidan Allah da zauren sarki. In ado mai launi kake son gani ka je Garu a Dutse ka kalli gidan sarki, ko ka shiga Gidan Makama a Kano. Can wurinsa ne, sarauta tana son a gan ta.

Ya ce: Mu in za mu yi wa ƙofar gida zane, yaɓe muke yi da ƙasa mai laushi, tun tana ɗanya mu bi da yatsa da bayan cokali, mu fitar da dagi, sannan a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, don kada damina ta cinye. Ubangidana bai taɓa ɗora tubalin farko ba bisimilla ba, kuma ran da za a haɗe baka ba ya barin mai zagi ko mai rantsuwar banza ya hau. Ban san hukuncin wannan a littafi ba, malamai su faɗa. Abin da na sani shi ne mutum yana tsaye a ƙarƙashin ƙasa mai nauyin da in ta zubo ba mai fita, to a nan zai san ba dabararsa ce ta riƙe ba.

Shawararsa: ciki a bar shi fari fat. A waje, saman ƙofa, ka yi abu ɗaya mai kyau, ɗaya tak. A kusurwoyin rufi a fitar da zanko ko da na siminti ne, don baƙo in ya hango daga gona ya san garin Hausawa ya iso. Kuma kada ka rubuta aya a bangon waje. Ruwa zai zubo daga indararo ya wanke ta zuwa kwata, ko filasta ta ɓamɓare awaki su taka.

Maman 'Yan Biyu:

Sannunku malamai. Ni ba ni da ilimin da zan sa baki a hukunci, amma maganar natsuwa ta taɓa ni. Ɗinkin hula nake yi a gida, a wani ƙauye kusa da Gumel, shekara goma sha ɗaya ke nan. Hula mai cikakken aiki takan ɗauke ni sati uku, wani lokaci wata guda in yara ba lafiya. Mai zane yakan kawo ta da layukansa, ni kuma in bi da allura gida-gida. Kakata ce ta koya mini in riƙa haɗa kowane sukan allura da salati ko istigfari, ta ce hannu na aiki baki bai kamata ya zauna ba.

Shekarar da na rasa ɗana na fari, ban iya zama a cikin mutane ba, ban iya riƙe carbi ba ma, sai in ji ƙirjina ya toshe. Hular ce na iya riƙewa. Zare ja, zare fari, astagfirullah, astagfirullah, har la'asar. Ba na cewa hular ce ibada. Amma ita ta zaunar da ni wuri ɗaya har na iya komawa ga ambaton Allah. Malam, wataƙila taka natsuwar ma haka take. Kada ka tsorata da ita.

Wanda ya sayi hular a kasuwa bai san da wannan ba, kuma ba sai ya sani ba.

Ɗan Alaramma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, Allah ya jiƙan yaro, ya sa mai ceto ne. Maganarki na karanta sau uku.

Mai Shago, ban ji haushi ba. Abin da ka faɗa yana faruwa, na san masu yi. Ni ba na rubuta laya, Baba ma bai yi ba. Batun kuɗi kuma ka yi gaskiya, na riga na gaya wa mai gari ba zan karɓi ko sisi ba, kuma abin da aka ware na fenti a sayi buhunan siminti a yi wurin alwala.

Malam Ɗalibi, da ka ce in duba inda natsuwar take kai ni, sai ka tono mini wani abu da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Ina da kamar shekara goma sha tara Baba ya fara sakar mini allon sauka ni kaɗai. Na wani yaro ne ɗan gidan mai kuɗi, za a yi taro babba, har rago an ɗaure wa malaminsa. Kwana uku ina tsara zayyanar a raina: dagi huɗu a kusurwa, tsakiya da'ira cikin da'ira, kore da ja. Na rubuta ayoyin da sauri don in kai ga wurin da nake ɗoki. Na kwana biyu a kan adon, ya fito yadda ban taɓa yi ba. Na kai wa Baba ina jin kaina. Bai ko kalli zayyanar ba. Ya sa yatsa a kan baƙi yana bi, Fatiha lafiya, ya shiga Baƙara, sai yatsan ya tsaya. A "wa bil ahirati hum yuƙinuna" na tsallake "hum". Ni da na haddace wurin tun ina kolo.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kawo ƙwarya da ruwa. Da hannuna na ɓare takardar na jiƙa ta, ina kallon kore da ja suna narkewa suna haɗuwa da baƙi, na kai ruwan gindin aduwar bayan gida na zuba inda ba a takawa. Da na dawo ya ce: "Yaron nan a gaban malamai zai karanta abin da ka rubuta. Da ya karanta yadda ka sa, wa zai ɗauki nauyin?" Daren nan na sake wani. Adon bai kai na farko ba, lokaci ya ƙure, amma na bi kowane harafi sau uku kafin in taɓa jar tawada. Har yau haka nake yi, kuma sai na ba wani gardi ya duba mini baƙin kafin in fara zagaye.

Da na tuna wannan sai na ga amsar bangon gabas tana hannuna tun tuni. Abin da ya same ni a kan allo shi zai sami mai salla in na cika masa gaba da launi: zai tsallake "hum" ɗinsa. Na je wurin liman bayan isha'i na karanta masa abin da kuka rubuta. Da ya ji an ambaci Muhtasar ya yi murmushi ya ce ai sun karanta wurin, mantuwa ce. Mai gari ya ɗan so a yi ko kaɗan a mihirabi, amma ya haƙura. Samarin kuma na kira su na gaya musu sun yi daidai a rabi, zayyanar allo dai ba zan bari ba, ga dalilina. Ɗaya daga cikinsu ya ce zai zo ya ga yadda ake haɗa yambari.

Saura saman ƙofa. Ina so in yi da'irar izu irin ta Baba, babba, ba launi, tudu da kwari kamar yadda Baba Magini ya kwatanta. Sai dai ban taɓa aiki da siminti ba, hannuna takarda ya sani. Ɗan'uwa Jikan Magini, don Allah ka gaishe mini da Baba, ka tambaye shi yaya ake yi.

Jikan Magini:

Yana amsawa, ya ce Allah ya sa albarka. Ya ce siminti ba ƙasa ba ne, ba ya jiran mutum, don haka kada ka yaɓa wurin duka lokaci ɗaya. Ka fara fitar da da'irar a kan filastar farko da gawayi: ƙusa a tsakiya, igiya, ka zagaya, ita ce kwabonka. Ka tankaɗe yashi ya yi laushi, ka jiƙa bangon sosai, ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan kana ɗora gida ɗaya kana gyara bakinsa da cokali kafin ka wuce na gaba. Daga tsakiya za ka fara. Da sassafe, kafin rana ta bugi bangon, kuma kwana bakwai ana yayyafa masa ruwa safe da yamma don kada ya tsage.

Ya ce ka gwada tukuna a bangon garkar gidanku. Kuma in ka gama na masallacin ka turo hoto, zan kwatanta masa da baki.